Malam Almu Gide da Ajin Gardama

Malam Almu Gide mutumin Damari ne, ta ƙasar Sabuwa. Mahaifinsa, Malam Gide, manomin dawa da auduga ne, yana da shanun huɗa da yake ji da su kamar 'ya'yansa. Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, Almu aka bayar, don shi ne mafi ƙarancin amfani a gona: siriri ne, ga yawan ciwon ido. A makaranta aka gane yana da abin da malaman lokacin suka fi so, wato riƙe karatu. Duk abin da aka rubuta a allo ya kwafe, to ya zauna masa ke nan. Da wannan baiwar ya wuce firamare, ya wuce sakandare, ya shiga jami'a ya karanta fiziks. Bayan ya yi bautar ƙasa jami'ar ta riƙe shi a matsayin ƙaramin malami.

Zamanin kuɗin mai ne. Ko'ina ka duba gini ake yi, manyan motoci na sauke akwatunan kayan aiki daga ƙasashen waje, abokan karatunsa kuwa wasu sun shiga gwamnati, wasu sun kama kwangila. Shi Almu ya sayi babur ƙirar Basfa, ya auri Safara'u, 'yar wani maɗinki a Faskari, aka ba su gida a unguwar ƙananan malamai. Yana koyarwa kamar yadda aka koyar da shi. Ya shiga aji, ya juya wa ɗalibai baya, ya cika allo da rubutu, ya goge, ya sake cikawa. Ba ya latti, ba ya fashi, kuma bai taɓa barin manhaja ba a gama ba. Shugaban sashensu, Dokta Barau, yakan ba da misali da shi.

A shekarar da aka soma ilimin firamare kyauta, yara suka cika makarantu, malamai suka yi kaɗan. Sai jami'a ta shiga tura malamanta garuruwa lokacin dogon hutu, su ƙara wa malaman firamare sani. Aka tura Almu Ƙanƙara, tunda ɗan yankin ne. Ɗalibansa manya ne, daga Faskari da Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye, wasu ma sun girme shi. An raba su aji biyu, na safe da na rana. An aiko da akwatunan kayan gwaji masu kyau, amma yawancinsu sai da lantarki, injin wutar da aka yi alkawari kuwa bai iso ba. Almu bai damu ba. Alli da allo sun ishe shi.

Ya koya musu darasin zafi da sanyi. Ya rubuta musu da Turanci cewa ruwa, in zai bi iska ya zama tururi, sai ya ɗebi zafi daga jikin abin da yake kai, shi ya sa abin yake yin sanyi. Suka kwafe. Ya yi musu gwaji, suka ci, wadda ta fi kowa kuwa ita ce Malama Zulaihatu, wata malama daga Daudawa mai goyon ɗa.

Ana cikin haka wata rana aka fito shan iska. Akwai randa a barandar ajin, kowa na ɗiba da moɗa. Almu ya sha, ya ji daɗin ruwan, sai ya ce da su cikin raha, "To, masana, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?"

Suka amsa kusan baki ɗaya cewa ai yumɓu abu ne mai sanyi.

Ya juya wajen Zulaihatu. "Malama, ke fa?"

"Haka ne, Malam. Ƙasa ce, ita kuwa ƙasa sanyi gare ta."

"Karanto mini abin da kika rubuta a gwaji, a kan ruwa da tururi."

Ta karanto shi da ka, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba.

"To ba ki ga ya shafi wannan ba?"

Ta dubi randar, ta dube shi. Cikin ladabi ta ce, "Malam, ai wancan na littafi ne. Wannan kuwa randa ce."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma maganar ta tsaya masa a rai. A kan hanyarsa ta zuwa Faskari, inda Safara'u ta sauka a gidan iyayenta, ya yi ta juya ta. Abin da ya fi damunsa shi ne da ya tambayi kansa yaushe shi ya fara haɗa littafin da randar, sai ya ga bai daɗe ba, kuma ba a aji ya haɗa su ba.

Ran kasuwar Ƙanƙara ya sayi randuna biyu iri ɗaya. Ya shafe bayan ɗaya da fenti har ruwa ya daina tsattsafowa, ya bar ɗayar yadda take. Ya buɗe akwatunan nan ya zaro ma'aunan zafi, waɗanda ba ruwansu da lantarki. Da fentin ya bushe ya cika randunan da ruwan rijiya ɗaya, ya ajiye su gaban ajin safe. Bai taɓa alli ba. Ya ce kowa ya faɗi wadda ruwanta zai fi sanyi in an jima, ya kuma faɗi dalili.

Ɗaliban suka zuba masa ido. Sun ɗora biro a kan takarda suna jira ya juya ya soma rubutu. Can sai Malam Harisu, hedimasta daga Tafoki, dattijo mai furfura a gemu, ya miƙe.

"Malam, a gafarce ni. Mun baro iyalinmu da gonakinmu da damina don a koya muna. In mun san amsa, mi ya kawo mu? Kai ka sani, ka faɗa muna mu rubuta."

"Zan faɗa, Malam Harisu. Amma ina so in ji naku tukuna. Ko kuskure ne ba komai."

"Ni da girmana in tashi in yi kuskure gaban yaran da na koyar?"

Almu bai yi tunanin wannan ba. Sai ya ce to kada kowa ya tashi. Kowa ya juya ga na kusa da shi su yi magana a tsakaninsu, da Hausa in sun ga dama, in sun gama a ɗaga hannu gaba ɗaya. Da farko ƙus-ƙus aka soma. Kafin wani lokaci ajin ya kaure. Masu cewa yumɓu ne ke da sanyi suka ce ai duk biyun yumɓu ne, don haka ɗaya za su zama. Wasu suka ce mai fentin za ta fi, don fenti zai tare zafi. Kaɗan ne suka zaɓi wadda ba fenti, su ma ba su iya kare kansu ba.

Da aka auna, sai bambancin ya fito ɗan mitsitsi. Marar fentin ta fi sanyi, amma da ƙyar ake ganin tazarar a jikin ma'aunin. Almu ya sake duba ma'aunin. Nan take ya gane abin da ya manta: tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa, iska a jiƙe take, ba ta ɗaukar tururi sosai. Bayanin ya zo masa har bakinsa. Ya haɗiye shi, ya ce, "Na zaci tazarar za ta fi haka. Me kuke gani ya faru?"

Wani daga baya ya ce ai dama randa ba ta sanyi da damina kamar yadda take yi da bazara, kowa ya san wannan. Almu ya ce to me ya sa, alhali bazara ta fi zafi? Aka sake kaurewa. Zulaihatu na jijjiga ɗanta a baya, ta ce wanki ma ba ya bushewa da damina. Ta faɗa ne kawai, sai kuma ta tsaya. Ta je ta shafa bayan randar marar fenti, ta dubi danshin da ke tafin hannunta. Ta ce a samo faifai a yi wa randunan fifita a gani. Aka aro faifai a maƙwabta, aka yi ta fifita ana karɓa-karɓa, har da Malam Harisu, wanda ya ce shi dai yana yi ne don a gama a koma karatu. Da aka sake aunawa tazarar ta ƙaru. Sai a lokacin Almu ya ɗauki alli, ya rubuta layin nan da suka riga suka haddace, ya ce su sake karanta shi.

Ya koma gida da murna, amma murnar ba ta hana shi lissafi ba. Darasin da yakan gama kafin a fita shan iska ya cinye masa safiya guda. Kuma jin daɗin aji ba shi ne shaida ba. Shi mutumin awo ne, an koya masa kada ya yarda da abu don ya yi masa daɗi. Saboda haka ya yanke shawarar gwada hanyar kamar yadda ake gwada komai. Ya ci gaba da darasin zafi da ajin safe ta hanyar tambaya da gardama da gwaji, ajin rana kuwa ya yi musu yadda ya saba. Da aka zo darasin haske sai ya juya: na rana suka yi gardama da madubi da kwanon ruwa, na safe suka kwafi allo. Ta haka ba wanda zai ce an ware shi, kuma ba za a ce wani aji ne dama ya fi wani ƙwaƙwalwa ba.

Jarrabawar ƙarshen hutu ba ta ba shi abin da yake so ba. Makin ya zo kusan ɗaya, a wasu wuraren ma masu kwafar allo sun ɗan fi, don sun taɓo abubuwan da masu gardama ba su kai ba. Safara'u ta ga yadda ya zauna da takardun ya yi tagumi, ta ce, "Malam, in duk ɗaya ne, ka koma wadda ba ta sa ka ciwon kai mana." Ya ce zai duba.

Da hutu ya zagayo aka sake tura shi Ƙanƙara, ɗaliban nan dai suka dawo. Ran farko, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya raba musu tambayoyin bara, ya ƙara da wasu da ba su taɓa gani ba, na abubuwan gida: me ya sa mai zazzaɓi yake jin sauƙi in an shafa masa ruwa, me ya sa rijiya ta fi zurfi a kan yadda ido ke gani. Nan bambancin ya fito fili. Kowane aji ya riƙe darasin da ya yi gardama a kai, wanda ya kwafa kuwa ya zube, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Malam Harisu ya karɓi takardarsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Na hasken nan ni na kwafe shi da hannuna, har na ja layi da jan biro. Wallahi kamar ban taɓa ganin shi ba." Bai ce hanyar Almu ta fi ba, amma daga ranar ya daina cewa a koma karatu.

Almu ya ɗauki abin ya kai jami'a. Ajinsa ɗaya ne daga cikin azuzuwa biyu na 'yan shekarar farko, babban zaure cike da mutane, wasu a kan taga. Ba halin kowa ya taɓa kayan gwaji. Sai ya riƙa zuwa da abu guda, ya ajiye a kan tebur, ya yi tambaya, a ɗaga hannu, kowa ya juya ga maƙwabcinsa su yi musu, a sake ɗaga hannu, sannan a gwada. In ya ga yawancinsu sun gane ya wuce. In ya ga sun rabu biyu ya tsaya. Karatun da ya saba rubutawa a allo ya buga shi a takarda, ya ce su karanto kafin su zo.

Ba su karantowa. Hayaniyar ajin kuma tana kaiwa har ofisoshi. Wata rana Dokta Barau ya leƙo yana zaton ɗalibai sun yi bore, ya tarar da Almu tsaye a tsakiyarsu riƙe da tayar keke. Ya juya ya koma. Bayan sati ya kira shi ofis, ya nuna masa kujera.

"Almu, wakilan ajinka sun zo wurina. Sun ce ba ka koyarwa, tambaya kake yi. Sun ce 'yan uwansu na wancan ajin sun yi nisa, su kuwa suna nan suna juya taya."

"Ranka ya daɗe, sun fi fahimta. Na gwada a Ƙanƙara, ina da sakamakon."

"Malaman firamare daban, jami'a daban. Yaran nan badi za su shiga hannun wasu malamai, waɗanda za su ɗauka an gama musu manhaja. In ba ka gama ba, wa ya cuce su?"

Almu ya san maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ya ce a ba shi shekara guda, a bar wancan ajin yadda yake, a yi musu jarrabawa ɗaya, wani ne ma zai duba takardun ba shi ba. In sun shiga shekara ta biyu a sake tambayarsu. Dokta Barau ya yi ɗan murmushi, ya ce aƙalla ya yi magana irin ta ɗan kimiyya. Ya yarda, da sharaɗin a gama manhaja.

Shekarar ta ba shi wuya. Ya rage gardamar, ya zaɓi wuraren da ya lura ɗalibai sun fi tuntuɓe ya tsaya a kansu, sauran ya bi da sauri. Ya soma buɗe kowane darasi da 'yar tambaya daga takardar da ya raba, har suka ga ba makawa sai sun karanto. Wasu sun ƙi shi har ƙarshe. Akwai waɗanda suka sauya aji. Amma da sakamako ya fito, yawan waɗanda suka faɗi a ajinsa ya yi ƙasa da na ɗayan ajin sosai, ko da yake masu manyan maki ɗin duk ɗaya suke. Da aka sake tambayarsu a shekara ta biyu, abin da ya gani a Ƙanƙara shi ya sake gani.

Ya gabatar da wannan a taron malaman sashe. Aka saurare shi, aka yi tambayoyi, aka yaba. Wani ya ce ƙwazon Almu ne ya yi aiki ba hanyar ba, ko da me ya koyar yaran za su ci. Wani ya ce shi ba shi da lokacin da zai riƙa yawo da tayar keke. Aka rufe taro da addu'a, kowa ya koma yadda yake yi. Mutum ɗaya ce ta biyo shi waje, Malama Adama, wadda ke koyar da kemistiri a sashen da ke maƙwabtaka da su, ta zo taron ne don ta ji labari. Ta ce ya bar ta ta zauna a bayan ajinsa ta gani. Ta zauna zango guda, sannan ta soma gwadawa a nata, tana kuskure tana gyarawa, wani lokaci ta zo ta gaya masa inda take ganin shi ma ya kauce.

Da lokacin ƙarin girma ya zo, aka ce rubuce-rubucensa a kan koyarwa ne, ba a kan fiziks ba, don haka ba za su shiga lissafi ba. Dokta Barau da kansa ya nemo masa gurbin karatun digiri na uku a ƙasar waje, ya ce ya je ya yi bincike na sosai ya dawo, ajin ba zai gudu ba. Almu ya ce sai badi, yana so ya ga yadda wannan rukunin za su ƙare. Badi ta zo ya sake cewa badi. Safara'u ba ta ji daɗi ba, ta kuma faɗa masa. Ta ce waɗanda suka zo bayansa sun zama daktoci sun koma manyan gidaje, shi yana nan yana ƙirga hannuwa. Bai yi musu ba, don gaskiya ta faɗa. Ko mahaifinsa, da ya je Damari gaishe shi, ya tambaye shi, "Wai har yanzu kai ne ƙaramin malamin? Mi kake yi musu haka da ba su ƙara maka?" Almu ya ce tambaya yake yi musu. Tsohon ya dube shi, ya ce Allah ya kyauta, ya koma maganar shanunsa.

Kafin ya shirya tafiya, kuɗin mai ya ja baya. Aka tsuke guraben karatun waje, kayan gwajin da suka lalace aka rasa abin gyaransu, ɗakunan gwaji da yawa suka koma wurin ajiya. Ajin Almu bai ji canjin sosai ba, tunda dama da igiya da gwangwani da batir yake aiki. A shekarar ne kuma Malam Gide ya rasu, ya bar gonaki da iyali masu yawa, 'yan uwan Almu maza kuwa duk sun watsu neman kuɗi a birane. Ya nemi a mayar da shi wata kwalejin horon malamai da ke kusa da gida, aka amince ba tare da an ja ba. Dokta Barau ya yi masa liyafar ban kwana, ya ce a gaban kowa bai taɓa ganin mai taurin kai irin Almu ba, kuma zai yi kewarsa.

Wanda ya gaji ajinsa ya koma cika allo tun makon farko. Malama Adama ta ci gaba da nata, daga baya ta ja wasu matasan malamai biyu suka bi ta, har aka riƙa kiran abin hanyar Adama. Labarin ya iso wa Almu, ya ce ai ta fi shi iyawa, kuma ta fi shi haƙuri da taro.

Ya zauna a Faskari, yana zuwa kwaleji da safe, ranar da ba aiki ya hau babur ya tafi Damari duba gona. Noman bai karɓe shi sosai ba, don bai taɓa iya shi ba, sai dai yana raba kowace gona biyu, ya sa taki iri ɗaya a nan wani iri a can, maƙwabta na kallo suna dariya. Wata shekarar ya dace, wata shekarar ya yi asara. Safara'u ta buɗe ɗinki a gida da keken mahaifinta, ta tara 'yan mata tana koya musu, kuma a unguwar an fi sanin gidan da sunanta. Almu ya koyar a kwalejin har ya yi ritaya, a matsayin da bai wuce na shugaban sashen kimiyya ba.